Layin Ko-ta-kwana: Yadda Mai Sana'a Zai Tanadi Intanet Na Biyu Da Kuɗi Kaɗan

Ina so in yi muku ɗan bayani a kan wani abu wanda ya shafi kowane mai sana'a a garinmu na Jalingo, tun daga mai POS da ke zaune ƙarƙashin lema a bakin hanyar Hammaruwa, har mai shagon buga takardu a ATC, har ma shugaban makaranta wanda a ke jira ya aika da sunayen yara masu ɗaukar jarrabawa. Wannan abu kuwa shi ne tanadin layi na biyu, watau na ko-ta-kwana, wanda mutum zai koma kansa ran da intanet ɗinsa ya ɗauke.

Watakila wani zai ce, ina ruwan mai koyon aikin malanta da wannan magana? To, ku tuna fa, ran da aka rarraba mu makarantu, wani Zing, wani Lau, wani Bali, malamin makaranta shi a ke tambaya kome, tun daga cika takarda har gyaran waya. Ya kamata kuwa in an tambaye mu mu ba da amsa wadda za ta yi wa mutane amfani.

Dalilin Wannan Tanadi

A da, in sabis ya ɗauke, abin da mutum ya rasa bai wuce hira ba. Amma tun farkon shekarar 2023, sa'ad da kuɗi suka yi wuya a hannu bayan an sake fasalin takardun naira, ciniki ya koma ta waya. Mai sayen shinkafa tiransifa zai yi, mai biyan kuɗin makaranta haka, har mai shayi ya rubuta lambar asusunsa ya manna a jikin tebur. Saboda haka yau in layin ɗan kasuwa ya mutu, daidai ya ke da an rufe masa ƙofar shago yana zaune ciki. Mai saye ba zai tsaya jira ba, sai ya matsa gaba wurin wanda layinsa ke aiki.

Hanyar Da Saƙo Ya Ke Bi

Kafin mutum ya san maganin ciwo sai ya san inda ciwon ya ke. In ka danna waya ka aika da kuɗi, saƙon nan yana iya bin zango huɗu. Zango na fari shi ne wayarka, ko kuwa akwatin nan da ke raba intanet cikin shago, wanda a ke kira rauta. Na biyu shi ne hasumiyar ƙarfe ta kamfanin waya, irin waɗanda mu ke gani a unguwanni da kan tuddai. Na uku shi ne igiyar gilashi, siririya kamar gashi, wadda a ke binnewa a gefen manyan hanyoyi, ita ce ke ɗaukar saƙo daga gari zuwa gari. Na huɗu kuwa shi ne manyan igiyoyi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, waɗanda yawancinsu suka fito a Legas, su ne suka haɗa ƙasarmu da Turai da sauran duniya.

Kowane ɗaya cikin zangon nan huɗu yana iya lalacewa. Wayarka caji ya kan ƙare mata. Hasumiya man injinta ya kan ƙare, ko ɓarayi su kwashe baturanta. Igiyar gilashi kuwa masu aikin hanya su kan tsinke ta da motar haƙa, ko zaizayar ruwa ta tone ta. Ɓarnar nan ta yi yawa har a 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kayan ƙasa waɗanda doka ta tsananta a kan mai lalata su. Ko na teku ma ba su tsira ba. Ran 14 ga Maris 2024 igiyoyi huɗu, watau WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a teku wajen gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ya yi rauni a ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma, har bankuna a Nijeriya suka yi ta ba mutane haƙuri. Dubi nisan Kwaddibuwa da Jalingo, amma abin ya taɓa aljihun mai POS a Mayo Gwoi.

Ƙa'ida Ɗaya Wadda Ta Fi Duka

Duk mun san abin da ya faru da daminar 2024, sa'ad da ruwa ya karya gadar Namnai a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari. Mai mota ɗaya da mai mota goma duk a bakin ruwa suka tsaya, domin ba mota ce ta lalace ba, hanya ce ta yanke. Wanda ya wuce shi ne wanda ya sami jirgin fito, ko ya san wata hanya dabam.

To, haka maganar intanet ta ke. Layin ko-ta-kwana ba shi da amfani in hanya ɗaya ya ke bi da babban layinka. Mutum ya sayi sim biyu na kamfani ɗaya, ya sa ɗaya a waya ɗaya a rauta, ya ce ya yi tanadi, wannan mai mota biyu ne a bakin karyayyar gada. Lalle ne layi na biyu ya zama na wani kamfani dabam.

Kamfanonin kuwa ga su. MTN da Econet, wanda yau a ke kira Airtel, su suka fara a 2001. Glo ya biyo baya a 2003. Etisalat ya zo a 2008, ya koma 9mobile a 2017, sa'an nan a 2025 ya sake suna ya zama T2. Amma a nan akwai abin lura. Da yawa daga cikin hasumiyoyin da ku ke gani ba na kamfanonin waya ba ne, na waɗansu kamfanoni ne kamar IHS, waɗanda ke ba da haya. Saboda haka a kan sami kamfani biyu ko uku sun rataya kayansu a hasumiya ɗaya, inji ɗaya ke ba su wuta. Har wa yau, a 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yarda masu layin 9mobile su riƙa hawa kan kayan MTN. Ka ga ke nan bambancin suna kaɗai bai isa shaida ba.

Yaya mutum zai gane? Gani ya kori ji. Ran da babban layinka ya ɗauke, kada ka tsaya ƙunƙuni, sai ka leƙa maƙwabta ka tambaya layin wa ke aiki. Ka rubuta a bayan littafin cinikinka. In ka yi haka sau uku ko huɗu, za ka ga wane kamfani ne ya kan mutu tare da naka, wane ne kuma ya kan tsaya. Wanda ya kan tsaya shi za ka saya. Kada kuma ka dogara da abin da wani ya gaya maka daga wata unguwa, gama layin da ke da ƙarfi a Sabon Gari yana iya zama kurma a Mile Six ko a gindin duwatsun Kona. Ka ari sim ɗin ka gwada shi a cikin shagonka, da safe, da azahar, da kuma bayan magariba sa'ad da kowa ya hau layi.

Kayan Aiki, Daidai Ruwa Daidai Tsaki

Akwai mataki uku, kowa sai ya tsaya inda ƙarfinsa ya kai.

Mataki na fari ba ya bukatar sayen kome sai sim. Yawancin wayoyin da ke hannunmu, irin su Tecno da Itel da Infinix, suna ɗaukar sim biyu. In ɗaya ya ɗauke sai ka shiga saitin waya ka mai da data kan ɗayan. Waya kuma tana iya raba intanet ga kwamfuta da sauran wayoyi, abin da a ke kira hotsfot. Ni a ganina abin da ya fi shi ne a ware tsohuwar waya guda, ko da fuskarta ta tsage, a bar ta a shago ba ta zuwa ko'ina. Dalili kuwa, in layin ko-ta-kwana yana cikin wayar maigida, ran da ya tafi ta'aziyya Mutum Biyu, layin ya tafi tare da shi, yaran shago sai kallo. In da kwamfuta guda za a yi aiki, gara a haɗa ta da wayar ta igiyar caji, domin ta haka waya tana shan caji tana aiki. A kiyaye ta daga rana, musamman cikin zafin Maris da Afrilu, gama zafi shi ke kumbura batir.

Mataki na biyu shi ne sayen ɗan akwatin nan na aljihu da a ke kira maifai, ko kuwa rauta mai cin sim. Maifai yana da batir nasa, yana iya ɗaukar wayoyi da yawa gaba ɗaya. Rauta ta fi shi jawo sabis, musamman mai ƙahoni a waje. Kafin ka biya kuɗi ka tambayi mai sayarwa tambaya biyu. Ta fari, buɗaɗɗiya ce ko kullalliya? Wadda kamfanin waya ya sayar da arha sau da yawa sim nasa kaɗai ta ke karɓa, buɗaɗɗiya kuwa kowane sim ka sa mata za ta ci. Ta biyu, tana kama zangon 700 ko 800 na 4G? Ƙananan zangon nan sun fi tafiya nesa, sun kuma fi ratsa bango bisa ga manya irin 1800 da 2600. Wannan ya fi muhimmanci ga wanda shagonsa ke bayan gari. In ka kawo ta kada ka tura ta ƙarƙashin kanta ko cikin kwantena ta ƙarfe. Ka ɗora ta sama kusa da taga, ta fuskanci wajen da hasumiya ta ke.

Mataki na uku na masu babban aiki ne, kamar shagon kwamfutoci ko ɗakin shan magani. Akwai rauta mai ɗaukar layi biyu, wadda in ta ga babban layi ya mutu sai ta juya kan na biyu da kanta, in ya dawo ta koma. Masu aiki ba su ma cika sanin an yi canji ba. Sama da wannan kuma akwai Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairu 2023, ita ce ƙasa ta fari a Afirka da ta same shi. Shi daga tauraron ɗan'adam ya ke jawo intanet, ba ruwansa da hasumiyar unguwa. Sai dai kuɗin kayansa da na wata-wata sun fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa, ruwan sama mai ƙarfi kuma ya kan dame shi. Wanda ya ke da shi ma ya kamata ya aje sim a gefe.

Maganar Wuta

Sau da yawa abin da mutane ke kira ɗaukewar intanet ba kome ba ne illa ɗaukewar wuta. Mu mutanen Jalingo ba sai an ba mu labari ba. A watan Afrilu 2024 aka lalata turakun babban layin wuta tsakanin Jos da Gombe, sai Gombe da Yola da Jalingo suka shiga duhu kwana da kwanaki. Man fetur kuma, tun da aka janye tallafi ran 29 ga Mayu 2023, ya fi ƙarfin a ta da janareta saboda rauta guda.

Abin farin ciki, rauta ba ta da ci. Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. Ƙaramar rauta tana cin wajen wat 10. Bankin caji mai lamba 20,000mAh, batirinsa na bolt 3.7 ne. In ka ninka 20 sau 3.7, ka sami 74, watau zai iya ba da wat 74 na awa guda. A cire wajen kashi ɗaya cikin huɗu wanda ke ɓacewa wajen juya wutar, saura wajen 55. Raba 55 gida 10, ka sami awa biyar da rabi. Ka ga ke nan bankin caji guda zai riƙe rauta tun daga hantsi har la'asar. Sai dai a kula, bankin caji bolt 5 ya ke fitarwa, rauta kuwa yawanci 9 ko 12 ta ke so. Akwai 'yar igiya da a ke sayarwa mai ɗaga wutar. Ka duba rubutun da ke jikin cajar rautarka, ka sayi wadda ta yi daidai, kada ka yi cinikin biri a sama. Wanda ya ƙara da ƙaramin farantin sola, to, ya huta.

Tsimin Data

A Janairu 2025 NCC ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100, saboda haka tsimi ya zama wajibi. Aikin ciniki kansa ba ya cin data. Tura kuɗi sau ɗaya bai kai nauyin hoto guda ba. Abin da ke cinye data shi ne bidiyo, da kuma sabunta manhajoji da waya ko kwamfuta ke yi da kansu ba tare da an sa su ba. Awa guda ta kallon bidiyo mai kyau tana iya cin gigabait guda, abin da zai ishi mai POS kwanaki masu yawa.

Don haka ka yi abu uku. Ka sa wa layin ko-ta-kwana kalmar sirri, kada ka ba kowa sai mai aiki da shi. Ka kashe sabuntawar nan ta kai-da-kai a kan kwamfuta da wayoyi. Sa'an nan kada ka zuba masa babbar data ta wata wadda za ta mutu ba a taɓa ta ba. Gara ka bar kuɗin kati a ciki, ran da bukata ta zo ka sayi ta yini ko ta mako. Tun 2023 an daidaita lambobin kamfanoni duka sun zama iri ɗaya: *310# na duba kuɗi, *311 na sa kati, *312# na sayen data, *323# na duba sauran data. Ka rubuta su a takarda ka manna a bango.

Wayoyin Kira

Masu ciniki da kai lamba ɗaya suka sani. Ka rubuta lamba ta biyu a allon shagonka da kan rasit. WhatsApp kuwa ba ruwansa da wane layi ya kawo intanet, in wayarka ta hau waifai na ko-ta-kwana saƙonni za su shigo a lambarka ta kullum. Akwai kuma dabarar juya kira. A yawancin layuka in ka danna **62* sa'an nan lambarka ta biyu sa'an nan #, duk wanda ya kira ka bai same ka ba, kiran zai faɗa kan layi na biyu. Kai za a cire wa kuɗin juyawar, kuma tun layi na da lafiya a ke saita ta. Ka kuma haddace lambar USSD ta bankinka, gama ita ba ta bukatar data, ko ƙaramar waya mai tocila tana yi.

Kiwon Layin

Ba a fafa gora ranar tafiya. Layin da aka jefa cikin aljihun tebur aka manta, ran da aka neme shi sai a tarar ya mutu. Tun Disamba 2020 gwamnati ta ce kowane sim sai an haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, an kuma rufe layuka masu yawa saboda rashin yin haka. Ka yi rajistar layin da sunanka kai mai sana'a, ba da sunan yaron shago ba, domin yaro yana iya barin aiki, kuma in sim ya ɓace mai sunan kaɗai a ke sake ba. Har yanzu kuma, layin da ya yi wajen wata shida ba a yi kome da shi ba, kamfani yana da ikon rufe shi, daga baya ma a ba wani lambar.

Maganin wannan mai sauƙi ne. Ka zaɓi rana guda cikin mako, ka kashe babban layi da gangan na minti goma, ka sa yaran shago su juya kan na biyu da hannunsu, kai kana kallo. Mu da a ke koya wa aikin malanta mun san darasin da ba a maimaita shi ba ya zama a kan yaro. Haka wannan ma.

Riba Ko Hasara?

Mai cewa ba shi da kuɗin wannan tanadi, sai ya ɗauki fensir. A ce, a bisa misali, ribarka ta yini naira 6,000 ce, kana aiki awa goma, watau naira 600 ke nan kowace awa. In layi ya ɗauke maka awa takwas cikin wata, ka yi hasarar naira 4,800, ban da mai saye da ya saba da shagon maƙwabcinka ya ƙi dawowa. Sai ka sa naka adadin a wurin nawa, ka gwada da kuɗin kati na wata. In hasara ta fi, ka san abin yi.

Abin Da Layi Na Biyu Ba Ya Magani

Gaskiya ita ce akwai ranar da duk layuka za su yi shiru. A Satumba 2021 gwamnati ta sa aka rufe layukan waya duka a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma yi haka a waɗansu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A irin wannan rana sim goma ma ba su da amfani. Saboda haka ko-ta-kwana na ƙarshe shi ne littafi da alƙalami, da ɗan canji a aljihun tebur.

Ina kuma jan kunnenku da abu guda. Ran da sabis ya yi rauni, ran nan ne mazambata ke yawo, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutum zai nuna maka fuskar wayarsa ya ce ga shi ya tura, sabis ne ya riƙe. Kada ka saki kaya sai ka ga kuɗin a cikin asusunka da idonka. Wannan kaɗai ya isa dalilin aje layi na biyu, domin da shi za ka duba nan take, ba gardama, ba ɓacin rai tsakaninka da mutumin kirki.

To, 'yan'uwa, iyakar abin da na ga ya kamata in faɗa ke nan. Ina roƙon kowane ɗayanmu, in an tafi hutu, ya zauna da wani mai sana'a cikin danginsa, su gwada layukan unguwarsu tare, su yi lissafin nan da fensir. Wanda ya gano wata dabara da ta fi waɗannan arha, sai ya rubuto wa Edita domin mu ƙaru duka. Allah ya sa albarka cikin sana'o'inmu, amin.